Ai Daga Baya Za A Canza

Ranar Talata da hantsi ɗan yayata ya yi sallama yana tura keke. Tun daga Kwanar Dangora ya turo shi, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Keken tsere ne, mai lanƙwasasshen kai da ke tilasta wa mutum duƙawa, ba kariya, ba madigadi, ba ƙararrawa, ko abin kafe shi babu, sai da ya jingina min shi da bango ya kankare min fenti. Na ce, "Kai ke hawan keken nan ko shi ke hawanka?" Ya ce, "Kawu, iska ce ta sauka." Na ce masu faci sun tafi yajin aiki ke nan? Ya ce a'a, suna nan, bawul ɗin ne ba ya shiga famfonsu.

Kuɗin masarar da ya noma bana ne ya kwasa ya shiga Kano. Da kuɗin nan zai iya ɗauko sabon Phoenix dal, mai kariyar da za ta ɗauki buhu da ƙanensa a kan buhun. Ya tsallake, ya ɗauko na hannu wanda wani Bature ya gaji da shi. Da na tambayi dalili sai ya gyara zama, ya dube ni da tausayi, ya ce, "Kawu, ai firam ake saya. Sauran kayan daga baya za a canza." Na ce waɗanne? Ya ce giya za a canza, wili gaba da baya za a canza, birki za a canza, sirdin yana cin jiki za a canza, fedar ma ba ita ba ce. Na ce to fentin dai ya tsira. Ya ce shi ma baƙi yake so.

Yaron da in ka ce ya lissafo kakanninsa zai tsaya a na biyu, shi ne ya zayyano min tsanin kamfanin Shimano na Japan ba gargada: Claris, Sora, Tiagra, 105, Ultegra, Dura-Ace. Nasa yana matakin farko, mai giya 8 a baya, burinsa ya kai 11. Abin da masu yi wa irinsa huɗuba a YouTube ba sa nanatawa shi ne kayan nan dangi ne, ba sa tafiya ɗaiɗai. Ka canza haƙoran baya, sarƙa ta yi kauri dole a sa siririya. Ka canza sarƙa da haƙora, hannun sa giya bai san lissafin 11 ba, shi ma ya tafi, ya ja ƙarfen da ke tura sarƙar. Sau da yawa cibiyar wilin baya ma ba ta ɗaukar sababbin haƙoran, sai a sake wili. Ka tara kuɗin duka, ka sayi keken sau biyu. Birkin faifai kuwa da yake mafarki, firam ɗin nasa ba a yi masa wurin ɗaura shi ba. Wato ranar da za a cika masa buri, firam ɗin da aka sayi keken dominsa shi ne zai fara fita.

Amma bari mu koma kan bawul, don shi ya hana ni barci. Presta ake ce masa, wasu su ce bawul ɗin Faransa, siriri kamar tsinken sakace, da ɗan kai da ake murɗewa kafin ya karɓi iska. Daga Kwanar Dangora ka bi ta Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore har ka hau duwatsun Riruwai, duk mai facin da ka tarar famfonsa mai faffaɗan baki ne, na babur da mota da keken mutane. Na farko da yaron ya je wurinsa ya duba, ya juya tayar, ya ce wannan bawul ɗin bai gama girma ba. Na biyu ya yanko roba daga tsohon tif ya naɗe, ya sa yaronsa ya danne da hannu biyu, ya kunna inji. Iska ta tayar da ƙura, ta ɗage hular wani dattijo mai jiran faci, taya tana nan a kwance. Na uku ya ce a ba shi minti biyar ya faɗaɗa ramin wilin da ƙusa ya zura tif irin na kowa, yaron ya rungume keke kamar za a yanka shi. Wani mai shayi ya ba da shawarar a hura da baki, tunda bakin mutum yana shiga kowane bawul. Ba a gwada ba, kuma gara da ba a gwada ba, don iskar da siririyar tayar nan ke sha ta ninka ta tayar ƙaramar mota sau biyu zuwa uku. Nan da nan an tara mutum ya fi na ɗaurin auren bazawara, kowa da fatawarsa, har da mai cewa a kai wa mai walda.

Maganin duk wannan taron wani ɗan ƙarfe ne da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, ana ɗaura shi a kan bawul sai famfon kowa ya kama. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Bai saya ba. Ba ya cikin jerin abin da za a canza, kuma wai yana ƙara nauyi. Hukumar tseren keke ta duniya ta ce keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, shi kuma can ya sa gaba, yana lissafin giram ɗari biyu da zai rage in ya sauya sirdi. Yana wannan bayani ne a kan tabarmata, ya tashi da malmala biyu ta tuwon masara da miyar kuka, ya nemi ƙari.

Ban ce keken tsere laifi ba ne. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a gasar Tour de France ta 2024, ya tafi gida da koriyar riga, kuma ko a nan kusa, a Burkina Faso, suna tseren Tour du Faso tun 1987. Yaron da ke son ya bi sahunsu, madalla. Sai ya nemi firam daidai tsawonsa, mai sararin da zai ɗauki taya mai ɗan faɗi, milimita 28 ko 32, don hanyarmu ta burji ce da tsidau, ya haɗa da famfonsa, ya hau yau. Hawan Riruwai ba ya tambayar sunan giyarka, cinya yake tambaya. Titin kuma in ka fito, kai da tirela da tankar mai ne, ba gefen da za ka raɓe. Ko Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri a 2001 yana kiran jama'a su koma hawan keke, motar bas ta ture shi cikin kwata a Abuja. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 mutane sun koma wa keke ba tare da minista ya roƙe su ba, amma tsofaffin Phoenix da Raleigh aka kakkaɓe daga zaure, waɗanda kowane mai gyara a gindin bishiya ya san cikinsu. Raleigh ɗin nan har a Kano an taɓa haɗa shi. Iyayenmu ma sun yi wa nasu ƙari, madubi biyu, fitila mai dainamo, rigar sirdi mai geza, amma keken yana tafiya aka yi masa kwalliyar.

Kuma don Allah kada a ɗora wa yaro laifin shi kaɗai, a gida ya gani. Ku ɗaga kai in kun shiga Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada. Gida nawa ne aka zuba wa dakin aka bar rodi tsirara yana kallon sama? Mai gidan zai ce maka bene ne, ƙasan aka fara. Shekara goma sha, rodi ya yi tsatsa, an kifa masa robar lemo a ka, matan gida sun mai da shi wurin shanya. Akwai matattakala, an yi mata siminti mai kyau, tana hawa har sama ta ƙare a sarari. Awaki ne kawai ke amfana, su hau su duba gari su sauko. Kuɗin da aka binne a ginshiƙan ɗaukar benen da babu shi ya isa a rufa kwano, a yi silin, a sa ƙofar banɗaki. A'a. Ruwa na tsattsafowa ta dakin duk Agusta, amarya na tara bokiti a tsakar ɗaki, maigida na majalisa yana bayanin inda falon sama zai kalla.

Wannan dai kuɗinsa ne, ruwan kuma a kansa yake zuba. Wanda ke ci min rai shi ne in an yi da kuɗinmu. Azuzuwa uku an kai linta an tsaya, yara na zaune a ƙasa a gindin mangwaro suna kallon ginin. Rijiyar burtsatse an ɗora tanki an yi fenti an yanke kyalle, injin jan ruwan sai a kashi na biyu. Ɗakin haihuwa da allo mai sheƙi a ƙofa, ciki ko gado babu. Ka yi magana a ce ka cika gaggawa, ai somawa aka yi. Audu Bako ya soma madatsar ruwa ta Tiga a 1971, a 1974 an gama, ga ta nan a ƙasar Bebeji har gobe tana shayar da shinkafa da tumatirin Kadawa. Bai gina rabin bango ya ce wa ruwa ya dakata sai an samu hali ba.

Saboda haka Alhaji mai rodi, da kai nake. Benen nan ba za a yi shi ba, kai ka sani, iyalinka sun sani, magini ma ya sani tun ranar da ya karɓi kuɗinsa. Kira mai walda ya yanke ƙarfen, ka sayar wa 'yan gwangwan, ka cika ka sayi kwano kafin ruwan farko ya sauka.