Mutum Shida da Za Ka Tarar a Kan ADC da Ya Ƙi Magana

Guntun ADC tafinta ne: yana karɓar ƙarfin wuta daga na'urar awo, ya mayar da shi lambobi, ya miƙa wa ƙaramar ƙwaƙwalwa irin ta Arduino ko ESP32. Ranar da tafintan ya yi gum, ko ya dinga zubo sifili ba ƙaƙƙautawa, a ranar ake sanin halin kowa a ɗakin gwaji.

Na farko shi ne Malam Jabu-Ne. Ko kallon wayoyin bai yi ba ya yanke hukunci: "Wannan ADS1115 ɗin jabu ne, an cuce mu." Sai ya sayo wani, ya ce shi ma jabu ne, ya sake sayo wani. Aljihun teburinsa cike yake da lafiyayyun guntaye da aka yi wa ƙazafi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai Alhaji Kwafe. Umarnin da ya ɗauko daga intanet na MCP3008 ne, mai magana ta hanyar SPI, shi kuwa guntun da ke gabansa I2C kaɗai yake ji. Hujjarsa ɗaya ce: "Amma ai a bidiyon ya yi aiki!"

Na uku Ɗan Ba-Na-Karatu ne. Takardar bayanin masana'anta tana buɗe a kwamfutarsa, bai taɓa wuce shafin farko ba. Da ya wuce, da ya ga cewa adireshin ADS1115 yana bin ƙafar ADDR: in ta haɗu da ƙasa 0x48 ne, in ta haɗu da wuta 0x49. Shi ya haɗa ta da wuta, yana ta kiran 0x48, yana kuma jin haushi ba a amsa ba.

Akwai Boka. Shi ba ya awo, sai dai ya jijjiga waya, ya hura wa allon gwaji iska, ya cire ya mayar. In lambobi suka ɗan motsa, sai ya daka tsawa: "Kada kowa ya taɓa teburin nan!" Ka ce masa layukan SDA da SCL suna bukatar rezista mai jan su sama, kamar ta ohm 4,700, ya ce kai dai ba ka san hannu ba.

Na biyar Sarkin Gaggawa ne. A zama ɗaya zai musanya wayoyin A4 da A5, ya rage gudun agogo, ya sauya wuta daga bolt 5 zuwa 3.3, ya goge rabin umarnin. Ko abin ya tashi bai san me ya tashe shi ba, gobe kuma zai sake kwantawa.

Na ƙarshe dattijuwar injiniya ce mai ƴar tsohuwar mita. Ba ta ɗaga murya. Ta ɗora tsinken mita nan, ta ɗora can, ta ce, "Yara, wa ya haɗa ƙasar guntun da ƙasar Arduino?" Kowa ya dubi ɗan'uwansa. Ta soka waya ɗaya, lambobi suka fara zuba daidai.

Kafin ta mayar da mitar jaka, Malam Jabu-Ne ya ce da ma shi ya faɗa, Boka kuma ya rantse iskar da ya hura ce sai yanzu ta kama.