Tsohon tanderun bango ya ƙi zafi? A dakata da kiran mai gwangwan

Tanderun lantarkin nan da ake ginawa cikin bangon kicin, ko wanda aka jera wa amarya ne shekarun baya, ko ɗan Beljiyam da maigida ya sha wahalar ɗaukowa daga Alaba, halinsa guda ne: ba ya yin yaji sai jajibirin Sallah, bayan an fasa ƙwai, an kwaɓa fulawa, an yi wa dangin miji alkawarin kek. Nan take gida ya rabu biyu. Uwargida ta ce bakin maƙwabciya ne, don jiya ta shigo ta ce "kai, oben ɗin nan da ƙarko yake" ba ta ce tubarkalla ba. Maigida ya ce ai dama ya ci kuɗinsa, a kira mai gwangwan ya auna. To duk ku zauna. Tsohon tanderu akwatin ƙarfe ne mai kayan ciki ƙalilan, kusan kowanne ana kwance shi a ɗaura wani. Dabarar ita ce a fara bincike daga abin da ba ya cin ko kwabo.

Uwargida, fara da duba agogonsa. Da yawa daga cikin tanderun Turai ba sa yarda su yi zafi muddin ba a saita agogo ba, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta agogon yakan manta ƙarfe nawa ne, ya koma yana ƙifta ido a kan 12.00 ko 0.00. Waɗanda suka ƙera shi sun ɗauka ɗauke wuta abu ne na shekara-shekara. A unguwar da ake ɗaukewa sau uku kafin azahar kuwa, sai ki ga tanderu lafiyarsa ƙalau, ya ƙi aiki ne kawai har sai an gaya masa lokaci. Ki saita, ko da ba daidai ba ne, ba ya gardama. Idan akwai maɓalli mai hoton tafin hannu, danna shi, shi ke fitar da tanderun daga jiran lokacin da wani yaro ya saka masa yana wasa. In ya kama zafi, ba sai kin faɗa wa kowa sirrin ba, ki karɓi yabonki na injiniya.

Kafin ki kunna, leƙa ciki. A gidaje da dama tanderu ya daɗe da zama sito: murafun tukwane, robobin biki, ledar da ake ɓoye wa yara cincin. Roba ba ta gasuwa, narkewa take yi, kuma warinta sai ya bi kek ɗinki har wata guda.

Sai batun ƙarfin wuta. An ƙera tanderun Turai don bolt 230, irin wanda ya kamata ya shigo gidajenmu. Idan wutar ta zo a raunane, zafin yakan faɗi fiye da yadda wutar ta faɗi: a bolt 180, abin da zai bayar bai wuce kashi 61 cikin ɗari na ƙarfinsa ba. Shi ya sa ranar da fanka ke juyawa da ƙyar, kazarki za ta yi awa biyu tana shan ɗumi. Ƙaramin janareta kuwa, wanda bai kai wat 1000 ba, kada ma a ja masa wahala, domin tanderu na neman wat 2000 zuwa 3000. Ku ji tausayin bawan Allah, an saye shi ne don fitila da cajin waya.

To, agogo daidai, wuta da ƙarfi, amma har yanzu sanyi. Yanzu ne lokacinka, maigida, na ga tun ɗazu kana riƙe da sukundireba kana zagaye. Ajiye ta tukuna, je ka sauke birekar tanderun a akwatin wuta. Murɗa makunnin jikinsa bai isa ba, kuma "ai an ɗauke wuta" ba kariya ba ce, don ba a yin sallama kafin a maido ta. Ka manna salatif a kan birekar, ka sanar da gida kaf, domin kowane gida yana da yaro mai son taimako wanda zai ga bireka a ƙasa ya ɗaga maka ita da kyakkyawar niyya. Sannan ka taɓa wayoyin da testa kafin ka taɓa da hannu. Wannan sakin layin babu wasa a cikinsa.

Babban wanda ake tuhuma shi ne elemen, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke yin ja idan ya ɗauki zafi. Kek ɗin uwargida ma shaida ne a wannan shari'a. In samansa ya ƙone ƙasansa yana ɗanye, na ƙasa ne ya mutu, kuma a wasu tanderun a ɓoye yake ƙarƙashin faranti. In fitila na ci, fanka na juyawa, amma iska mai sanyi take kaɗawa, to zagayayyen elemen da ke kewaye da fankar ne, bayan farantin baya. Wani lokaci ido ma ya isa, za ka ga ya kumbura, ko ya tsage, ko wani wuri ya yi fari fat.

Kafin ka zare ko waya ɗaya, ɗauki hoto. Kowa yakan ce zai tuna, har sai an kira sallar la'asar ya dawo ya tarar da wayoyi huɗu suna kallonsa. Idan ka kwance sukurorin ka jawo elemen ɗin, kama wayoyin da abin shanya kaya, in ba haka ba sai su zame su koma cikin rami, kuma ba za su fito ba sai ka ciro tanderun gaba ɗaya daga bango. Shi kuwa nauyinsa na mutum biyu ne, komai cika bakinka a majalisa.

Yanzu ɗora mitar gwajin lantarki, mai auna om, a bakunan elemen ɗin biyu. Lissafin ba wuya: 230 sau 230, a raba da wat ɗin da aka buga a jikinsa. Mai wat 2000 zai nuna kusan om 26, mai wat 1000 kusan 53. In mita ta yi shiru ko ta nuna a buɗe yake, ya riga mu gidan gaskiya, sai haƙuri. Ka kuma gwada tsakanin baki ɗaya da jikin ƙarfen. Nan bai kamata ta nuna komai ba, in ta nuna, wuta na zurarewa, kuma shi ne ke jawo bireka ta riƙa faɗuwa.

Zuwa kasuwa kuma darasi ne mai zaman kansa. Lambar samfurin tana kan wata 'yar takarda a gefen bakin ƙofa, ɗauki hotonta. Ka tafi da mamacin a leda, ko Sabon Gari za ka a Kano ko Panteka a Kaduna, domin kwatance da hannu, "kamar haka yake, ya ɗan lanƙwasa nan", bai taɓa sayo daidai ba. Mai shago zai ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne." Ka gode masa, sannan ka jera su biyun a kan tebur: wat iri ɗaya, bolt iri ɗaya, ramukan sukuru su hau kan juna. In na hannu ne, a sa masa mita a gabanka. Wanda kuɗinsa ya yi sauƙin da har kai kanka ka yi mamaki, bar shi, araha ba ta ado.

Idan tanderun daga Amurka aka kawo shi, labarin ya canza. Nasu yana cin bolt 240 ne da aka haɗa daga layi biyu na 120, kuma sau da yawa fitila, fanka da allon sarrafawa da 120 suke aiki. Wannan sai ƙwararren mai wayarin. Uwargida kuma ki lura, lambobinsa na ma'aunin Farenhait ne, 350 ɗinsa kusan 177 ne a namu.

Akwai kuma ranar da komai zai mutu ɗif. A nan ana zargin ɗan ƙaramin fis na zafi, wanda aikinsa ya yanke wuta idan jikin tanderun ya zafafa fiye da kima. Ba ya yankewa haka siddan, galibi fankar da ke sanyaya jikin ce ta tsaya, ko tamostat, mai daidaita zafi, ya daina kashe elemen. A nan ne wani mai gyara zai yi murmushi ya ce, "Hajiya, na haɗa miki dairek, ba zai ƙara damunki ba." Ki ce masa ya kwance. Wannan fis ɗin shi ne abin da ke tsakanin tanderu mai zafi da katakon kabad ɗin da ya kewaye shi. A sa sabo mai lamba irin ta tsohon, a kuma gyara abin da ya kashe shi.

Tunda an buɗe baya, a duba bakunan wayoyi. Wanda ya yi baƙi ko ya saki a yanke a sa sabon kai, da waya mai jure zafi, domin salatif a nan narkewa zai yi. In kun tarar ɓera ya yi shimfiɗa cikin audugar da ke riƙe zafi, ku sallame shi ba tare da notis ba, ku duba abin da ya ci.

Sauran ƙanana ne. Robar bakin ƙofa: maƙale takarda ki rufe, in ta zare ba gardama zafi na gudu, a sauya. Tamostat in ya tsufa yakan yi ƙarya: sa ma'aunin zafi na tanderu a tsakiya, ki gwada abin da ya faɗa da abin da makunni ya yi alkawari. Ƙwan fitila kuwa na musamman ne mai jure digiri 300, kada a ciro na firji a sa masa.

Idan an ɗaura sabon elemen, a kunna tanderun babu komai a ciki kamar rabin awa, taga a buɗe. Ɗan hayaƙi da wari na farko ba matsala ba ne. Amma in kin taɓa ƙofa kika ji wuta ta ɗan ja ki, ko bireka ta ci gaba da faɗuwa, aikin ya wuce na maigida. A sauke bireka, a kira mai gyaran lantarki, a ce masa ya fara da duba wayar da ke sauke wuta ƙasa.