Masu Kallo Ma Abin Kallo Ne

A al'ada, duk sallah, ƙarama ko babba, Kano takan yi kwanaki tana hawa. Ranar idi sarki ya yi salla a filin Ƙofar Mata, ya komo gida bisa doki. Washegari bayan la'asar a yi Hawan Daushe, ya je Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa, ya zagayo Ƙofar Kudu hakimai su yi masa jafi. Rana ta uku Hawan Nasarawa, a nufi gidan gwamnati, abin da ya samo asali tun zamanin da sarki kan kai wa Razdan ziyarar sallah. Daga nan sai Ɗorayi ko Fanisau. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. An yabi dawaki, an yabi rawuna da kakaki da 'yan lifida. Mu da muke shan rana da ƙura a bakin titi kuwa ba wanda ya ce mana sannu, alhali da za a kwashe mu, abin da zai rage kilisa ce kawai. Don haka yau dawaki su yi haƙuri, jama'a zan duba.

Wanda za ka fara cin karo da shi, tun ba ka sami wurin tsayuwa ba, shi ne Masani. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya tambaye shi. Da ya hango ƙura sai ya gyara zaman hula ya ce, "Madaki ke nan." Tawaga ta matso, maroƙa na ta kiran Sarkin Bai da ƙarfi, shi kuwa ko gezau: "Ai dawakinsu ne iri ɗaya." Ya san masu zaɓen sarki huɗu ne, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, amma fuskar ko ɗaya bai taɓa gani ba, saboda haka duk mai babban rawanin da ya gifta sai ya yanka masa ɗaya daga cikin sarautun nan. Kafin magariba zai nuna maka Makama uku. Labarin Daushe kuwa a bakinsa yake kwana: wai wani na hannun daman sarki ne da rashin lafiya ta hana shi hawan idi, ya roƙi a sake hawa washegari don shi ma ya samu. Haka ake faɗa a gari, kuma da yawa na kai labarin zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. To Masani ba ya tsayawa inda gari ya tsaya. Zai gaya maka irin ciwon, da mai maganin da aka kira, da abin da Daushe ya ce wa uwargidansa da asuba. In ka nuna shakka ya ce kakansa na wurin. Dokin mai baki ya fi gudu, kuma duk dawakin da suka fito ranar babu mai kamo nasa.

Kusa da shi, a kan 'yar kujerar da jikansa ya ɗauko masa, dattijon "hawan da" ne zaune. Ya riga kowa zuwa don ya sami damar gaya wa kowa cewa ba abin gani. "Yanzu ai ba hawa ake ba, ɗana, wasan yara ne." In ɗan saba'in ne, hawa ya ƙare a kan Ado Bayero, wanda ya zauna gadon sarauta daga 1963 zuwa 2014. In ya ba tamanin baya, tun hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 bai sake ganin abin da za a kira doki ba. Na tabbata shi ma mahaifinsa ya gaya masa cewa abin ya lalace tun bayan zuwan Yariman Ingila Kano a 1925. Dawakin da sun fi tsayi, bindigogin da sun fi ƙara, ƙurar da ma ta fi ta yanzu albarka. Amma bari kakaki ya tashi, laima ta ɓullo daga nesa tana juyawa. Shi ne na farkon miƙewa, ya dunƙule hannu yana jinjina, ciwon gwiwa ya tafi hutu, sandar ma sai daga baya jikan zai tsinto ta a ƙarƙashin ƙafafun mutane.

A cikin sahun mahaya ma akwai ɗan kallo, sai dai shi a kan sirdi yake nasa. Mai dokin haya ke nan. Sau biyu yake hawa a shekara, kuma dokin ya sani. Tun tsakiyar azumi ya ba da kafin alƙalami, ya ari alkyabba wurin abokin wansa, kufta daga gidan surukai, rawani kuma biya ya yi aka naɗa masa, shi ya sa ba ya waiwaye. In ka kira sunansa sai ya juyo da kafaɗu gaba ɗaya. Daga nesa ba ka raba shi da ɗan sarki. Matso kusa ka ga hannu ɗaya ya shaƙe linzami, ɗayan ya damƙe kan sirdi, ƙafa na kaɗawa cikin likkafa, leɓe na motsi. Jama'a na zaton gaisuwa yake amsawa, nan kuwa duk addu'ar da ya sani ce yake jerowa, har da ta shiga kasuwa. Mai tafiyar da dokin na gaskiya shi ne yaron bargar da ke riƙe da ragama a ƙasa, da silifas ɗinsa mai ɗinki. Shi ya san akawal ɗin nan ba ya shiri da ƙarar bindiga, shi ya yi wata guda yana ɗura masa harawa da dusa da kanwa, shi zai sauke masa kaya ya wanke shi da dare. A hoton da za a sa a Facebook gobe hannunsa kaɗai zai fito, shi ma in ba a yanke ba. Idan aka zo wajen sukuwa, mai haya yakan tuna cewa shi mutum ne mai natsuwa. Wanda kuma zuciya ta ɗiba ya saki linzami, a nan ake gane kayan aro ba ya rufe katara: doki ya isa Ƙofar Kudu, rawani ya tsaya a Kabara, mahayi na tsakani yana tambayar mutane ko sun ga takalminsa.

Ƙarar bindigar nan ita ke tona asirin Jarumi. Tun a hanya yake gaya wa 'yan matan unguwarsu kada su ji tsoro, yana nan. 'Yan bindiga suka ɗura albarushi suka saki ta farko, hayaƙi ya washe, sai ga shi a bayan mai rake. Wai canji ya je karɓa.

Duk cikinsu ba wanda ke ba ni nishaɗi irin Malam Wucewa-nake. Shi a wurinsa hawa ɓata lokaci ne da almubazzaranci, ya faɗa a majalisa tun jajibere, ya maimaita bayan an sauko idi. Ranar Daushe sai ga shi a sahun gaba.

"A'a, Malam, kai ma ka fito?"

"Ina! Hanya aka tare. Dubiya zan je, wani ɗan'uwa ne ba lafiya."

Gidan mara lafiyar ba ta nan ake bi ba, kowa ya sani, shi ma ya san an sani. Haka zai yi awa uku yana jiran a buɗe hanya, a kan dakalin da ya fi ko'ina hangen fili, yana tsaki yana miƙa wuya. Gobe a majalisa shi zai fi kowa bayanin hakimin da ya fi yawan dawaki da wanda kayansa suka kwana biyu, sannan ya rufe da, "Allah dai ya shirye mu."

Mai waya kuwa tun daga Wudil ko Bichi ya biya kuɗin mota ya taho, don ya kalli hawa a gilashin da bai kai tafin hannunsa ba. Sarki na isowa sai ya juya masa ƙeya, ya ɗaga waya, ya washe baki, don kansa da laima su fito tare. A da wanda ya yi haka sai a ce ba shi da tarbiyya, yanzu rabin titi ne ke yi lokaci guda, dogarai ma sun gaji sun zuba ido. Yana watsawa kai tsaye a TikTok ga mutanen da ba su kai goma ba, biyu daga ciki na tsaye a gefensa. Kuma ƙa'ida ce, caji ba ya ƙarewa sai daidai lokacin da tagwayen masu na sarki suka bayyana.

Akwai wadda hawa ke ci da ranta, ita ce Hajiya mai bene a bakin hanya. Dangin da ba su zo suna ba, ba su zo ta'aziyya ba, ranar Daushe suke tuna zumunci. "Hajiya, mun zo barka da sallah," baki na gaisuwa ido na kan matakala. Kowa ya zo da 'ya'yansa, da 'ya'yan maƙwabta, da wata ƙawa da ta zo daga Zariya. Kafin magariba cincin ya ƙare, dambun nama ya ƙare, zoɓon da aka ɓoye wa maigida an gano shi, wani yaro da ba wanda ya san ko ɗan waye na barci a kan gadonta. Ita da gidanta ya fi na kowa hangen hawa ko wutsiyar doki ba ta gani ba, tana madafa. Duk shekara sai ta rantse baɗi kulle gida za ta yi ta tafi ƙauye.

Ɗan'uwanta a wahala shi ne uban yara. Ya fito da biyar, ɗaya a wuya, biyu a hannu, biyu na riƙe da gefen riga, yana ta ƙirga su kamar mai jan carbi. Abin da ya gani na hawa ƙeyar mutumin gabansa ce. Na wuyan ne ke ba shi labari, "Baba, ga raƙumi! Baba, ga wani ya faɗi!" yana ɗiga masa ƙanƙara a kan sabuwar shadda. Zai koma gida da yara biyar da takalma tara, ya tarar da tambaya a bakin ƙofa.

Samari da 'yan matan da suka sha anko ba sai na daɗe a kansu ba. Su ba kallo suka zo ba, kansu suka kawo a kalla, kuma in za a yi adalci sun fi wasu tawagogin tsari. Haka manyan baƙin da ke cikin rumfa a Ƙofar Kudu, jakadu da Turawa masu kyamara mai dogon baki, an ɗora musu hula ta zauna a ƙeya, suna tafa wa duk mai rawanin da ya wuce don gudun kada ya zama shi ne sarkin. A tsakiyarsu akwai ɗan gari guda da ya samo katin gayyata ta hannun wani. Ɗaga masa hannu daga cikin rana ka gani, yau bai san ka ba sai jibi.

Mutum ɗaya ne a taron nan da dawaki ba su dame shi ba, wato ɗan sane. Ya fi Masani sanin tsarin hawa nesa ba kusa ba, domin shi ya san daidai lokacin da hannun kowa zai tashi sama. Da an ce "Ga sarki nan," aka dunƙule hannu ana "Allah ya ja zamani," aljihu ya zama ba mai tsaro. Shi ma yana jinjina, da hannu ɗaya.

Kada Kanawa su ce na sa musu ido. Je ka Hawan Bariki a Katsina, ko Sallar Gani a Daura, ko ka bi ayarin masu hawa Dala ranar Takutaha, ko zagayen Maulidin 'yan Islamiyya, kai ko faretin 'yan makaranta na ranar 1 ga Oktoba, mutanen nan za ka tarar, hula kawai suka sauya. Abin da ke fito da su ɗaya ne. Rana ce da gari ke fitowa ya ga kansa a jere: wa ke gaban wa, wa aka naɗa bana, gidan wa ya ƙaru, ɗan wa ya isa hawa. Talakan da ba zai taɓa shiga fada ba ya ɗaga hannu, sarki ya ɗaga masa, ya koma gida yana rantsuwa shi aka kalla. A 2020 da annobar korona ta sa aka soke hawa, dattijon "hawan da" ya fi kowa ƙorafi. Malam Wucewa-nake bai je dubiya ba. Hajiya kuwa cincin ɗinta ya kai mako biyu, ta ce sallar bana sam ba armashi.

In Allah ya kai mu sallah mai zuwa ka fito da wuri, ka sa kuɗinka a aljihun ciki, kada ka tsaya a bayan doki. In kuma na kusa da kai ya nuna maka Makama, dakata tukuna ka ji ta bakin maroƙa.