Zuwa Ga Bazazzagen Da Ya Samu Layar Zana A Waya

Yarona ɗan Zazzau! Labari ya iso mana har Kano cewa ka samu layar zana. Wai tun da ka saka wata manhaja a wayarka babu mahalukin da ya isa ya san inda kake ko abin da kake yi, daga kamfanin layinka har gwamnatin Amurka. Wanda ya kawo mini labarin ya ce a teburin mai shayi ka faɗa, da ƙarfi, har ka sa wayar ta zagaya hannu-hannu domin kowa ya ga yadda ka ɓace. To madalla. Mutum ya ɓuya sannan ya tara jama'a su zo kallon maɓoyarsa, wannan kam sai Zazzau.

Ban ga laifinka ba, gwaninta gado ce a wurinku. Amma tunda kai bawana ne, kuma kunyarka tawa ce, bari in gyara maka karatun kafin ka je ka sake shi a gaban Katsinawa.

An ce ka nuna musu hoton nan na dutsen ƙanƙara, ka ce intanet ɗin da muke gani ɗan tsinin da ya leƙo saman ruwa ne, duk abin da ke ƙasa dak web ne, duhun intanet, cike da makasa da matsafa. Kwaɓa ka yi, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Gaskiya ne yawancin abin da ke intanet Google ba ya nuna shi. Tun a 2001 wani mai bincike, Michael Bergman, ya ƙiyasta cewa ɓangaren da injinan bincike ba sa kaiwa ya ninka wanda suke kaiwa sau 400 zuwa 550. To amma mene ne a ciki? Akwatin imel ɗinka ne, da shafin da ɗanka ke duba sakamakon JAMB, da rumbun bayanan asibiti, da asusunka na banki. Duk abin da sai an sa kalmar sirri ake shiga, yana can. Kullum kana shiga wannan zurfin, kuma abin tsoro ɗaya da ka taɓa cin karo da shi a ciki shi ne ragowar kuɗin asusunka ranar ashirin ga wata. Shi duhun da kake kuri da shi ɗan lungu ne a gefe, shafukan da sai da manhaja irin Tor ake buɗe su, adireshinsu tarkacen haruffa da lambobi har 56 sannan a rufe da .onion. Ko kai da ka ce ka haddace Ishiriniya tun kana ɗan shekara tara ba za ka riƙe guda ɗaya a ka ba.

Sannan ka ce 'yan dandatsa ne suka gina wannan lungun don su guje wa hukuma. Zauna da kyau kada ka faɗi: hukumar ce ta gina. A tsakiyar shekarun 1990 masana uku a cibiyar binciken sojojin ruwan Amurka, Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag, suka tsara dabarar. A 2002 aka ƙaddamar da Tor, da hannun Roger Dingledine da Nick Mathewson, kuma shekaru da yawa kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar da shi daga aljihun gwamnatin Amurka yake fitowa. Sakinsa ga kowa ba kyauta ba ce don Allah. In 'yan leƙen asiri kaɗai ke bin hanya, duk wanda aka gani a kanta an san aikinsa, don haka dole a cika ta da ɗalibai da 'yan jarida da 'yan kasuwa da marasa aikin yi irinka, domin nasu su saje. Facebook ya buɗe ƙofarsa a can a 2014, jaridar New York Times a 2017, BBC a 2019, kai har CIA a shekarar. Mutanen Iran da Sin da Rasha, inda ake toshe shafuka, da shi da yawansu ke karanta labarin ƙasarsu. Ba ina wanke wurin ba ne. Akwai ƙazanta ta gaske a ciki: ƙwaya, katunan banki na sata, da hotunan cin zarafin yara waɗanda ko ambatonsu ba shi da daɗi. Sai dai mafi yawan masu buɗe Tor shafukan yau da kullum suke zuwa, ba sa ma leƙa lungun.

Ga yadda yake aiki, da Hausar da za ka gane. Ka rubuta wasiƙa ka sa ta cikin ambulan uku, ɗaya cikin ɗaya, ka ba direba a Kwangila. Ya buɗe na farko, abin da ya gani kawai shi ne a miƙa wa wane a Kwanar Ɗangora. Na Kwanar Ɗangora ya buɗe na biyu, ya ga a miƙa wa wane a tashar Na'ibawa. Na Na'ibawa ne zai buɗe na ƙarshe ya kai wa mai ita. Direban farko ya san fuskarka amma bai san inda saƙon ya nufa ba, na ƙarshe ya san inda ya nufa amma bai san wanda ya aiko ba, na tsakiya kuwa ɗan dako ne kawai. Dabara ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma fa direban Kwangila ya san ka ba da saƙo da ƙarfe kaza. Kuma in a cikin wasiƙar ka rattaba sunanka da na mahaifinka da unguwarku, kamar yadda na san ba za ka iya haƙuri ba, to kuɗin ambulan ka yi asara.

A Disambar 2013 wani ɗalibin jami'ar Harvard da bai shirya wa jarrabawa ba ya aika saƙon ƙarya cewa an dasa bam a gine-ginen makarantar. Ya bi ta Tor, ya yi amfani da imel na yarwa, yana ganin ya gama wayo. Sai dai da intanet ɗin makaranta ya shiga, wanda sai da sunanka ake hawa. Jami'ai ba su fasa komai ba. Dubawa suka yi su ga wa ya hau Tor a harabar kafin saƙon ya fita, suka je suka same shi, ya amsa da bakinsa, kafin kwana biyu magana ta ƙare. Ba a ce ɗan Samaru ba ne, amma ni da na ji aikin sai na ce a binciki kakanninsa.

Babban malaminku a wannan fanni shi ne Ross Ulbricht, wanda ya buɗe kasuwar Silk Road a 2011, inda ake cinikin ƙwaya da Bitcoin. Yana kiran kansa Dread Pirate Roberts, hukumomin Amurka suka yi ta nemansa. Ka san wanda ya fara gano sunansa? Wani jami'in hukumar haraji, Gary Alford, da Google ɗin nan da kake rainawa. Tunani ya yi cewa duk kasuwa sai an yi mata talla ranar da aka buɗe ta, sai ya koma baya yana neman wanda ya fara ambatonta a fili. Ya samu wani mai laƙabin altoid yana yabon sabuwar kasuwar a farkon 2011. Watanni bayan haka, shi dai wannan altoid ya dawo yana cigiyar masanin kwamfuta da zai ɗauka aiki, ya ce mai so ya rubuto masa a adireshinsa na Gmail, adireshin kuwa sunansa ne na yanka da na gidansu. Ranar 1 ga Oktoban 2013 yana zaune a wani ɗakin karatu na unguwar Glen Park a San Francisco, kwamfutarsa a buɗe, ya shiga shafin a matsayin mai gida. Jami'ai biyu, mace da namiji, suka tayar da rigimar ƙarya a bayansa. Ya waiwaya kallon faɗa, wani ya sure kwamfutar kafin ya rufe ta. A ciki har da littafin da yake rubuta wa kansa tarihin abin da ya aikata, don kada gwanintar ta tafi ba a sani ba. An yanke masa ɗaurin rai da rai a 2015, sai a Janairun 2025 Donald Trump ya yi masa afuwa. Ka dubi abubuwan da suka kayar da shi: talla, son a sani, da kallon faɗan da ba nasa ba. Wanne ne a ciki ba ka yi kafin sallar azahar?

Magajinsa Alexandre Cazes, ɗan Kanada mai kasuwar AlphaBay, ya fi shi girman kasuwa amma bai fi shi hankali ba. Saƙon maraba da shafin ke tura wa sababbin shiga a farkon buɗewarsa yana ɗauke da adireshinsa na Hotmail. A Yulin 2017 aka kama shi a Bangkok. Masu ciniki suka watse suka ruga wata kasuwar mai suna Hansa, ba su san cewa tun watan Yuni 'yan sandan Holan sun ƙwace ta a asirce, su ke zaune a kan kujerar mai gida ba. Kusan wata guda suka yi suna karɓar baƙi da fara'a, suna kwafe saƙonni da dubban adireshin da aka ce a kai kaya. An gudu ba a tsira ba.

Na ji kuma ka ce Bitcoin kuɗin aljanu ne, ba a ganin sawunsa. Akasin haka ne. Kowane ciniki da aka taɓa yi da shi yana rubuce a kundi guda da kowa zai iya buɗewa, kuma ba a gogewa. Suna ne kawai babu, ranar da aka liƙa suna a kan lamba ɗaya kuwa, sai a bi zaren har tushe. James Zhong ya wawure kimanin Bitcoin 50,000 daga Silk Road a 2012, ya zauna a kansu shekara tara. A Nuwamban 2021 jami'ai suka shiga gidansa a jihar Jojiya, suka tarar da wani kaso a wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta cikin gwangwanin gugguru, an lulluɓe da barguna a kabad ɗin banɗaki. Darajar abin da suka kwashe a ranar ta haura dala biliyan uku.

Batun makasan haya da ka tsorata yara da shi kuwa, bari Bakano ya yi maka bayani, tunda ciniki namu ne. Kasuwar da mai saye bai san mai sayarwa ba, babu dillali, babu shaida, babu sarkin kasuwar da za a kai wa ƙara, kuma kuɗi ake fara biya, wa kake zaton zai cika ta? Shafin Besa Mafia ya yi suna da cewa yana da makasa a ko'ina. Da aka kutsa cikinsa a 2016 sai aka ga damfara ce zalla: a karɓi kuɗi, a yi ta kawo uzuri, a nemi ƙari. Saƙonnin masu neman a yi musu kisan ne suka ƙare a hannun 'yan sanda. Masu kasuwar Evolution ma a Maris 2015 rufe shago suka yi dare ɗaya, suka gudu da kuɗin mutane da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 12. A Kantin Kwari ko yaron shago ba zai shiga irin wannan ciniki ba.

Yanzu mu zo kan wayarka, domin an faɗa mini ba ma Tor ba ne a kai. VPN ne na kyauta, wanda ka sauke lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ka manta ba ka cire ba. Abin da ya yi maka shi ne ya ɗauke sirrinka daga idon kamfanin layinka ya miƙa wa wani kamfanin da ba ka san mai shi ba, ba ka san ƙasarsa ba, kuma ba ka biyansa ko kwabo, ba ka kuwa taɓa tambayar kanka da me yake ciyar da ma'aikatansa ba. Layin da ke cikin wayar an ɗaure shi da lambarka ta NIN, da hoton fuskarka da zanen yatsunka. Shi kuma Incognito da kake latsawa kana lumshe ido, uwargida kawai yake ɓoye wa inda ka shiga in ta ɗauki wayar. Shafin da ka je ya gan ka, mai intanet ɗin ya ga ka je. Google da kansa ya amince a 2024, a sulhun wata ƙara da aka shigar a Amurka, zai goge biliyoyin bayanan da ya tara a kan mutanen da suke zaton sun ɓuya a wannan yanayin.

Ko da ma an ba ka Tor na gaske, an ba ka sabuwar kwamfuta, an canza maka suna, akwai abin da ba za a iya cire maka ba. Ted Kaczynski ya yi shekaru 17 yana aika bama-bamai ta gidan waya a Amurka ba a san ko wane ne ba, sai da ya matsa aka buga dogon rubutunsa a jarida a 1995, ƙaninsa ya karanta ya gane salon maganar yayansa, aka kama shi a 1996. Kai kuwa ba sai an nemo ƙaninka ba. Wancan shafin na Facebook mai hoton zaki da ke zagin Kanawa kullum da daddare, wanda ka rantse ba ka san mai shi ba, ran nan ya rubuta “motan nan” da “rigan Sallah” a jimla ɗaya, ya kuma rufe da cewa duk ilimin Arewa daga garinsu aka ɗebo shi. Yaran gidanmu ma sun gane ka.

Watan cika-ciki ya kusa. Ka shigo Kano ka karɓi kuɗin shararka, a hannu zan ba ka, sababbin takardu, ba Bitcoin ba. Ka taho da tsintsiyarka.