Dokar Ta-Ɓaci a Gidana

Likita bai ce mutuwa zan yi ba. Da ya kwance robar awon jini daga dantsena, cewa ya yi jinina ya fara hawa, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Sannan ya kalli tumbina ya yi shiru, kuma shirun nan ya fi maganar yi mini ciwo. Ina isa gida na faɗa YouTube, na tarar da wasu Turawa sirara masu fararen haƙora suna bayanin cewa duk abin da nake ci tun yaye guba ne, mafita kawai a koma ga abincin da bai taɓa ganin takin zamani ko maganin feshi ba. Kafin a kira isha'i na zama masani.

Washegari na tara iyali a falo na karanto musu doka. Ba dunƙulen magi, ba sukari, ba lemon kwalba, ba farar shinkafa. Na shaida musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai gram 5, wato ko ƙaramin cokalin shayi bai cika ba. Uwargida ta bari na kai aya, sannan ta ce, "To Abban yara, ita hukumar za ta zo ta taya mu shan miyar?"

A daren aka kawo tuwo da miyar kuka wadda aka nuna wa gishiri daga nesa. Na ci ina yabawa da ƙarfi. Tun daga ranar yara suka tsiri zuwa maƙwabta aron littafi daidai lokacin cin abinci, su dawo ba littafi, baki duk maiƙo.

Sai batun tafiyar ƙafa. Hukumar dai minti 150 a mako ta ce, amma Turawana sun kafe a kan taku dubu goma kullum. Ashe wannan adadi daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya fito, wadda wani kamfanin Japan ya sa a kasuwa a 1965. Ɗan kasuwa ya yi tallarsa ya wuce, ni kuma na ajiye mota, na sayi kambas, na kama hanyar ofis a ƙasa.

A Kano magidanci mai mota ba ya tafiya a ƙasa haka kawai. Ban kai bakin titi ba maƙwabcina ya taka birki. "Alhaji, lafiya? Ina motar?" Na ce motsa jiki nake yi. Ya jinjina kai cike da tausayi, ya ce, "Haka ne, mu ma mun kusa farawa." Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, duk wanda ya ce motsa jiki yake yi an san inda ya dosa. Ranar Juma'a ana idar da salla wani dattijon unguwa ya ja ni gefe, ya cusa mini kuɗi a aljihu, ya raɗa mini cewa kada in ji kunya, kowa da ranarsa. Kafin in buɗe baki ya shige cikin jama'a. Da kuɗin na hau adaidaita sahu, don ƙafafuna sun yi bororo.

Lambun da na yi a tsakar gida ba sai na ja zance ba. Na zuba kashin kaji buhu-buhu, wari ya hana baƙi zama, alayyafo ya fito kore shar, akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye shi tas. A duk layinmu ita kaɗai ta ci moriyar shirin, har sheƙi take yi.

Babbar fitinar daga Kasuwar Kurmi na sayo ta da kuɗina. Mai maganin gargajiya ya dubi tumbina ya yanke hukunci: "Alhaji, wannan ba ƙiba ba ce, dattin ciki ne." Ya ƙulla mini filasko da tsamiya, ya ce in jiƙa in sha rabin kofi. Filasko ba abin wasa ba ne, daga ganyensa ake yin wasu ƙwayoyin sakin ciki da asibiti ke bayarwa, kuma sai ya yi sa'o'i a ciki kafin ya fara aiki. Ni kuwa na ƙudurce cewa abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Na shanye kwano guda da daddare, na ji shiru, na ƙara, na kwanta ina zargin mai magani da algus.

Da sassafe muka kama hanyar Zariya ɗaurin auren ɗan yayana, ni ne wakilin ango, sadaki yana aljihuna, na sha babbar riga mai sitaci. Muna wuce Kura cikina ya yi sallama. A Kadawa na roƙi direba ya tsaya in duba wata gona. A Ciromawa na sake ganin wata gonar. Kafin Kwanar Ɗangora ba wanda ke tambayata, da na taɓa kafaɗar direba sai ya sauka gefe, wani ya miƙo buta ba tare da ya kalle ni ba. Wanda bai taɓa tsallaka kwalbati a guje da babbar riga a kafaɗa ba, kada ya ce mini ya san motsa jiki. Mun isa Zariya an shafa fatiha tuni, bisa alkawarin sadaki yana hanya. Har yau dangin amarya suna kirana Baba Mai Gona.

Ina jinya Inna ta zo daga ƙauye duba ni. Don in nuna mata ba shirme nake yi ba, na ce ai Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware shekarar 2023 domin gero da danginsa. Ta ce Allah ya sa musu albarka, sun makara. Sai na ɗauko mata abin alfaharina, garin zogale a kwalba mai tambari, wanda wata abokiyar aikina ke kawo mini a farashin da ba zan faɗa a rubuce ba. Inna ta buɗe ta sansana. Ta ce a farin 1973 zogale da tafasa suka ci har suka gaji, ba wanda ya ce musu masu wayewa ne. Ta leƙa ta taga ta ce, "Kai, wa ya tsige bishiyar bayan gidan nan haka?"

Na leƙa. Zogalen da na tarar a gidan tun ranar da na saye shi, wanda ban taɓa ɗaga kai na kalla ba, ya koma tsinke. Uwargida ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce matar ofishinmu ce ke aiko yaro duk mako, ita take shanya mata a inuwa, ta daka, ta tankaɗe, a ba ta ɗan na cefane. Kwalba da tambari ne kawai na matar.

"Kin san ni nake saye?"

"Tun kwalbar farko," in ji ta. "In kana son na watan gobe, ka biya ni kai tsaye, zan rage maka kuɗin kwalba."