Zuwa Ga Taubashina Mai Kukan Wenger

Taubashina na Tambuwal, ɗan goggo, bawan gidanmu! Labari ya iso mana Kebbe wai ka liƙa hoton Arsène Wenger, tsohon kocin Arsenal, a bangon shagonka, kana ce wa yara, "Ga Baba nan, ba a sake haihuwar irinsa." Ikon Allah! Kai ɗin?

Ba kai ba ne a 2017, daren da Bayern Munich ta maimaita muku 5-1, jimilla 10-2, ka haye benci a gidan kallo kana ihu, "Tsohon ga shi tahi, mun gaji!" har mai gidan ya rantse zai kashe janareta in ba ka sauko ba? Takalminka ɗaya ma a can ka baro.

Tunda ka manta, zauna in karanta maka. A 1996 ya zo Arsenal daga Nagoya ta Japan, jaridun Ingila suna tambayar ko wane ne. Ya fara da cikin 'yan wasa, ya hana su giya da kayan zaƙi. Da kai ne, da tsiren dare ya fara raba ka. Ya haɗa gasar Firimiya da kofin FA a 1998, ya maimaita a 2002. A kakar 2003/2004 ya buga wasa 38 ba a doke shi ba, ya ja zaren har 49, sai da mu 'yan Manchester United muka tsinke shi a Old Trafford da ci 2-0. Kofin FA kuwa bakwai ya ɗauka.

Kai ma wa ya kai ka Arsenal in ba shi ba? Shi ya ɗauko Nwankwo Kanu daga Inter Milan a 1999, bayan aikin zuciya, lokacin da wasu ke cewa ya ƙare. A shekarar Kanu ya zura wa Chelsea uku cikin minti 15 na ƙarshe, kuna baya da ci biyu. Tun daga nan ka rikice.

Da aka koma filin Emirates a 2006, bashi ya yi wa kulob katutu. Henry ya tafi, Fabregas ya bi, Van Persie kuwa mu kuka sayar wa a 2012, ya ciyo mana kofi. Mun gode. Duk da haka tsohon ya yi kaka 20 a jere bai fita daga huɗun farko ba, kuna ta yi masa ba'a wai na huɗu ba kofi ba ne. Ya tafi a 2018, bayan shekara 22. Unai Emery da ya gaje shi bai cika shekara biyu ba, kuka ƙare na takwas sau biyu a jere. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san za ka ce mu ma tun tafiyar Ferguson a 2013 muke shan wuya. Gaskiya ne, amma namu da kansa ya ajiye, da kofin Firimiya 13, muna tafa masa. Ku kuwa da kwalaye kuka raka naku.

Don haka hukuncinka biyu. Ka rubuta "Baba ka yafe ni" a ƙasan hoton, da manyan baƙi. Sannan ka aiko da kuɗin sharar bana, in ba haka ba ranar kasuwa ina tafe, kuma a gaban abokan cinikinka zan tayar da zancen cin 8-2 da muka yi muku a 2011.