Basilin Gwaggo da Silindar Masu Nutso

Iskar da Allah Ya ba mu kyauta, kashi 21 cikin ɗari ne oksijin a cikinta, saura kusan duk naitirojin. Masu nutso a Bahar Maliya kuwa ba sa shiri da naitirojin, domin shi ke taruwa a jiki ya tilasta musu fitowa da wuri. Sai su biya kuɗi a ƙara musu oksijin ya kai kashi 32 ko 36, wai shi naitiroks. A wannan harka na sami aikin yaron shago a Bur Sudan kafin yaƙin 2023, wurin wani Ba'italiye mai kai baƙi kallon Umbria, jirgin ruwan ƙasarsu da matuƙansa suka nutsar kusa da tashar jiragen garin a 1940.

Maigida ya ja mini kunne tun ranar farko. Tsantsar oksijin ake fara ɗurawa a silinda kafin a cike da iska, kuma in ya tarar da ɗigon maiƙo cikin wannan matsi, gobara ce. Saboda haka a kwance bawul gunduwa-gunduwa, a wanke da ruwan zafi da sabulu mai cin maiƙo, a ɗauraye, a busar, a sa sabon zoben roba. Na ce ai wanke-wanke ne, an haife mu a ciki.

Sabulun nan bai san bambancin maiƙo da fatar mutum ba. Hannuna suka yi faso. Gwaggo, wadda nake zaune a gidanta, ta gani ta yi salati.

"Ɗan nan, kawo hannun. Haka za ka je neman aure?"

Ta lafta mini basilin har gwiwar hannu, da asuba ta ƙara wani. Wa ya isa ya ce wa Gwaggo a'a?

Na je shago na jera kayan bawul a kan farin ƙyalle, sai sheƙi suke. Maigida ya rufe ƙofa, ya kashe wuta, ya kunna wata 'yar fitila mai hasken shunayya wadda ke tona asirin man fetur da danginsa. Nan take zanen yatsu ya bayyana a jikin kowane ƙarfe, raɗau.

"Na wane ne wannan?"

"Maigida, garin nan bakin teku ne, ba a rasa mutanen ɓoye."

Ya juyo da fitilar kaina. Hannuna, goshina, har kan hancina suka haska kamar shagon mai sayar da waya da daddare. Aka mayar da komai cikin ruwan zafi.

Saura alama. Kowace silinda tana da ɗamara ruwan ɗorawa da kore, sannan a manna takarda a rubuta kashin oksijin, kwanan wata da iyakar zurfi. Mai 36 ba ya wuce kamar mita 29, in ya wuce oksijin na iya jefa shi farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa. Na rubuta tsaf da lambobin Larabci, yadda kowa ke yi a Sudan. Wata Bajamushiya ta karanta shidana a matsayin bakwai, ta juya takardar sama da ƙasa, sannan ta ɗauko na'urar awo ta gwada da kanta. 36 cif. Na ɓata rai, Maigida ya ce doka ce: kowa ya auna tasa, ko da ubansa ne ya cika ta.

Da na kai ƙara gida, Gwaggo ta yanke hukunci cewa aikin da ya hana mutum shafa mai, rowa ce kawai ta Nasara. Ta aika masa da kwalbar basilin, shi kuma ya aiko mata da kwalin safar hannu ta roba. Har yau kowannensu ya yi imani shi ya ci nasara.